Kwaɗon da na saya a Saga ya ƙi cin abinci, in ɗura masa?

Tambaya: Malam, ina gaisuwa. Ni ɗan lise ne a Yamai. Wasu yara masu kamun kifi wajen gonakin shinkafar Saga sun sayar mini da wani babban kwaɗo, ya kusa cika tafin hannuna, fatarsa da santsi, tsallensa kuwa ba a magana. Na sa shi cikin bokiti da ruwan pampo, na ba shi burodi, dafaffiyar shinkafa, soyayyar fara, har da ɗan nama. Yau kwana tara bai taɓa ko ɗaya ba, alhali kullum ina fito da shi in duba shi. Ga shi muna ƙarshen Nuwamba. Ciwo yake yi? In buɗe bakinsa in ɗura masa?

Amsa: Ina amsawa, ɗana. Kada ka ɗura masa komai. Na sa wannan a gaba domin ita ce ɓarnar da ba ta gyaruwa. Ƙashin muƙamuƙin kwaɗo siriri ne, tsinke ko bakin cokali na iya karya shi, kuma abincin da aka tura wa dabbar da cikinta bai shirya ba yakan zauna ne ya ruɓe a ciki. Kada garin neman gira a rasa ido. Kwana tara ba ci ba abin tashin hankali ba ne ga babban kwaɗo mai jiki. Ba ya ƙona abinci don ɗumama jininsa kamar ni da kai, saboda haka sati biyu ko uku da yunwa ba sa kayar da shi. Bokitin nan da ka sa shi ciki ya fi yunwar hatsari, kuma shi za mu gyara.

Bisa yadda ka siffanta shi, kwaɗon ruwa ne, wanda wasu ke kira burduddugi, masana kuma suka sa masa Hoplobatrachus occipitalis. Ka dubi kansa: idanunsa a bisa suke, sun ɗago, kuma akwai wani ɗan layi da ya gitta kan daga bayan wannan ido zuwa bayan wancan. Ƙafafun baya dogaye ne, da fata tsakanin yatsu don iyo. Shi ne ake kamawa da yawa wajen Malanville ta ƙasar Benin, tsallaken Gaya, a kyafe a kai kasuwannin Najeriya. Daban yake da kwaɗon gida mai fata gudaji-gudaji da ke fitowa daga ƙarƙashin randa da dare. Na gida ɗan tudu ne, tafiyarsa a hankali, yana saurin sabawa da mutane, da a ce shi ka kama da wataƙila tun daren farko ya ci. Naka ɗan bakin ruwa ne, kuma matsoraci ne na ƙarshe. A fadama, inuwar mutum kawai in ta gitta sai ka ji tsulum, ya nutse. Dabbar da halinta ke nan ka ɗauko ka sa a bokiti mai haske, kuma kowace rana hannu na saukowa daga sama ya damƙe ta. A wurinsa hannun nan shamuwa ce ko zalɓe. Wanda ke jiran a cinye shi ba ya tunanin ci.

Sai abincin da ka ba shi. Ko da hankalinsa a kwance yake, ba zai taɓa ko ɗaya daga ciki ba, domin bai ma san abinci ba ne. A shekarar 1959 wani mai bincike, Jerome Lettvin, da abokan aikinsa a jami'ar MIT ta Amurka sun auna saƙon da jijiyar idon kwaɗo ke aikawa ƙwaƙwalwa. Suka tarar da wasu jijiyoyi da ba sa amsawa sai in wani ƙaramin abu mai duhu ya motsa a gaban idon. In abin ya tsaya cik ya daɗe, saƙon ya mutu. Ma'anar wannan a aikace ita ce kwaɗo na iya mutuwa da yunwa ga matattun ƙwari jibge a gabansa. Burodi da shinkafa ma ba a zancensu, cikinsa ba na hatsi ba ne. Soyayyar farar kasuwar Katako kuwa, mai da gishiri da yaji ne, kuma gishirin da ya narke cikin ruwan bokitin cutar da shi yake yi. Duk abin da ka zuba ya jiƙe ya yi tsami, a cikinsa kwaɗon ke kwana.

Wannan ya kawo mu ga fata, wadda ita ce rabin kiwon kwaɗo. Kwaɗo ba ya shan ruwa da baki. Ta fatar ciki da ta cinyoyi yake tsotsarsa, ta fata kuma yake samun wani kaso na numfashinsa. Duk abin da ke cikin ruwan da ya zauna, cikin jininsa zai ƙare. Ruwan pampon Yamai daga kogi ake jawo shi, a tace shi a Goudel da Yantala, a sa masa kulorin don kashe ƙwayoyin cuta. Mu alheri ne a gare mu, shi kuwa yana cin fatarsa. Maganin mai sauƙi ne: ka tara ruwan a roba mai faɗin baki, ka bar ta a buɗe kwana biyu, kulorin zai fita da kansa. Ka riƙa ajiye roba biyu, ɗaya na hutawa kana aiki da ɗayar. Ruwan rijiyar da ke da ɗanɗanon kanwa ko gishiri ka bar shi. Kuma bokitin da aka taɓa yin wanki a ciki, ko aka zuba wa ruwan jabel, bai dace ba ko an ɗauraye shi, don roba na riƙe sabulu. Hannunka ma haka: man shafawa, turare, sabulu, gumi, duk suna shiga jikinsa. In ya zama dole ka taɓa shi, ka ɗauraye hannu da ruwa zalla ka bar shi a jiƙe. Amma daga yau har sati biyu, babu dolen.

Ga gidan da nake so ka yi masa. Ka nemi sabuwar babbar roba, irin ta lita sittin zuwa tamanin, tsawonta kada ya gaza santimita 60, mai duhun launi ta fi. Mutane na sha'awar akwatin gilashi don su riƙa kallo, amma ga wannan kwaɗon ni ban so shi ba, aƙalla a farko. Bai san gilashi ba. In ya firgita sai ya yi tsalle da iyakar ƙarfinsa ya daki bango da hanci, ya sake, ya sake, har bakin ya sale, ciwon ya kama ruwa, daga nan kuma cin abinci ya ƙare gaba ɗaya. In gilashin kawai gare ka, ka liƙe gefe uku da kwali daga waje.

Ka raba robar biyu. Rabi ruwa, zurfin kamar santimita 8 zuwa 10, yadda zai nutse ya ɓace duka in ya tsorata. Rabi tudu: bulo na ƙasa da aka gasa ko faffaɗan dutse mai santsi, wanda ya ɗan ɗara ruwan, da gangare yadda zai hau ba wahala. Kwaɗon da ba shi da wurin tsayawa yana ta iyo ne har ya gaji, kuma a kan tudu ko daidai bakin ruwa yake farauta. Kada ka zuba tsakuwa ƙanana, yakan haɗiye su tare da ƙwaro su toshe masa hanji. Maɓoya biyu za ka sa, ɗaya a tudu ɗaya a ruwa. Fasasshen tulu da aka kife ya fi duk abin da za ka saya, sai dai ka goge kaifin bakinsa da dutse. In ka samu ƴan ganyen da ke yawo a kan kogi ka wanke ka jefa, zai ji daɗin leƙowa ta ƙarƙashinsu. Sai murfi: tsohon sange da aka ɗaure da igiyar roba. Ka tabbata ba irin sangen nan mai magani da ake rabawa don sauro ba ne, maganin da ke jikinsa guba ne ga kwaɗo. In babu wani, ka yi amfani da ragar taga. Ka ɗora wani abu mai nauyi, domin tsallen da ka ce ba a magana, gaskiya ka faɗa, kuma akwai kyanwa.

Inda za ka ajiye robar shi ne wurin da sai ka nemi haɗin kan mutanen gida. Fiya-fiya, maganin sauro na fesawa, na kunnawa, hayaƙin turaren wuta, duk kada su kai gare shi. Fesawa ɗaya a ɗakin da yake na iya kashe shi kafin safiya. Ba za ka hana Inna turara ɗakinta ba saboda kwaɗo, kuma bai kamata ka gwada ba. Ka je ka roƙe ta da ladabi ta nuna maka wani lungu da ba a fesawa, ba a girki, yara ba sa zarya. Tunda na ambaci yara: kwaɗi na ɗauke da ƙwayar salmonela a hanjinsu ba tare da ta dame su ba, amma mutum tana sa shi zawo da zazzaɓi. Ƙannenka da ba su kai shekara biyar ba kada su taɓa shi ko ruwansa. Ruwan da ka canja ka zubar a gindin itace, nesa da wurin wanke-wanke, ka wanke hannu da sabulu bayan ka gama.

Lokacin da ka same shi ma yana cikin dalilan. Ƙarshen Nuwamba ɗari ya fara shigowa. Cikin Disamba da Janairu daren Yamai na sauka wajen digiri 15 ko 16, iska ta bushe ƙarau, kuma busasshiyar iska in tana kaɗa ruwa ƙara masa sanyi take yi. Ɗan ruwan bokiti da ya kwana a tsakar gida da asuba ya fi kogi sanyi nesa, don kogi yawansa na riƙe masa ɗumi. Zafin jikin kwaɗo shi ne zafin wurin da yake zaune. In ya yi sanyi, narkewar abinci ta ja baya, sha'awar ci ta tafi. Abin da kake nema shi ne ruwan ya tsaya tsakanin digiri 24 da 29. Ka shigar da robar cikin ɗaki, ka ɗaga ta daga kan siminti da katako ko kwali, da dare ka lulluɓe rabin murfin da tsohon zane. Kada ka sa ta a rana don ta ɗumama, ko na minti goma. Roba a rana tukunya ce.

Ɗari ma da sauƙi. Jarrabawar gaske tana Afrilu da Mayu, lokacin da inuwa kanta ke wuce digiri 40, ɗakin kwano kuma ya fi haka. A fadama kwaɗon nan zai shige laka ko ruwa mai zurfi, a roba ba shi da wurin gudu. Kada ka dogara da na'urar sanyaya ɗaki, tana busar da iska, kuran kuma in ya ɗauke zafin ya dawo gaba ɗaya. Ƙasa ce mafita. Ka mai da shi cikin babbar randa mai faɗin baki, wadda ke tsattsafo da ruwa tana sanyaya kanta, ko ka naɗe robar da jiƙaƙƙen tsumma a wurin da iska ke ratsawa. Wani malami ɗan Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya samu kyautar Rolex a shekarar 2000 kan tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya. Dabarar nan tana yi wa kwaɗo aiki sarai a busasshiyar iskarmu. Na faɗa maka tun yanzu don ka san abin da ka ɗauko wa kanka.

To, gida ya gyaru. Ka sa shi ciki ka rabu da shi kwana uku, ba taɓawa, ba leƙe, ba kiran abokai su gani. A dare na huɗu, bayan isha'i, ka saki gyare uku masu rai a kan tudun, ka rufe, ka kashe fitila, ka tafi. Kada ka tsaya kallo, ba zai ci a gabanka ba yanzu. Da safe ka ƙirga. In saura biyu, ya ci ɗaya, magana ta ƙare. Waɗanda suka rage ka fitar da su, domin gyare mai jin yunwa yakan ciji fatar kwaɗo, wanda ya faɗa ruwa ya mutu kuma yana ɓata ruwan. In bai ci ba, ka bar dare ɗaya, ka sake gwadawa da tana. A ganina babu abin da ke buɗe bakin kwaɗon da ya yi yaji kamar tana mai mutsu-mutsu a bakin ruwa. Masunta sun san inda ake tono ta a jiƙaƙƙiyar ƙasar bakin kogi. Girman abin da za ka ba shi kada ya wuce faɗin kansa, ƙarami ma ya fi a farko. Shaida ta biyu cewa yana ci ita ce kashi, baƙi, dunƙulalle, a ruwa ko a kan bulo. In ka gan shi yana lumshe ido yana nutsar da su cikin kai lokacin haɗiya, ba ciwo ba ne, da ƙwayar idon yake taimaka wa loma ta wuce. Haka in ka ga yana hamma yana jan wata farar fata da hannu zuwa baki, saɓa yake yi, kuma cinye abarsa yake yi.

In ya fara ci, sau biyu ko uku a sati ya isa, gyare uku zuwa biyar kowane karo. Wahalar tana wajen samo su da rani. Da damina fitilar ƙofar gida ta ishe ka, ga shinge, garar nan mai fiffike, a farkon ruwa. Yanzu kuwa sai ƙarƙashin randa, ƙarƙashin duwatsu, da wuraren danshi. Lambunan bakin kogi cike suke da ƙwari, amma da yawa ana musu feshi, ka tambayi mai lambun kafin ka kama. Abubuwa uku kada su shiga robar nan: kyankyason masai, farar nan mai zane-zane da ke kan tumfafiya wadda ke tara dafin itacen a jikinta, da ƙwaron kantarid mai ƙona fata. Duk ƙwaro mai launi mai ƙyalli da ba ya gudun mutum, ka yi zarginsa.

Abin da ya fi shi ne ka yi kiwon gyare da kanka. Bokiti mai murfin raga, kwalayen ƙwai a ciki don su ɓuya, dusa ko abincin kaji a murfin kwalba, da ɗan gwangwani cike da jiƙaƙƙen yashi inda matan za su saka ƙwai. Cikin ɗumi ƙwan na ƙyanƙyashewa wajen sati biyu, su girma cikin wata ɗaya da rabi zuwa biyu. Kwana ɗaya kafin ka ba kwaɗo, ka ƙosar da su da ganyen zogale, karoti ko kabewa, domin abin da ke cikin gyaren shi ne ainihin abincin. Akwai dalili. Jikin ƙwaro ba shi da isasshen sinadarin kalsiyam, kuma kwaɗon da aka daɗe ana ba gyare zalla ƙashinsa na laushi, muƙamuƙi ya lanƙwashe, ƙafafu su karkace. Rashin bitamin A kuma na hana harshensa kama ƙwaro, ya kai hari ya dawo ba komai. Ka tafasa ɓawon ƙwai, ka shanya, ka daka shi ya yi laushi sosai, sau ɗaya a sati ka jefa gyaren a leda da ɗan garin ka girgiza kafin ka saka. Ƙaramin kifi mai rai jefi-jefi ba laifi. Wani kwaɗo dai kada ka kawo masa wai abokin zama, in ya fi shi ƙanƙanta haɗiye shi zai yi.

Ruwan kuma, bayan kwana ukun farko, ka canja rabinsa duk kwana biyu, duka sau ɗaya a sati, da wanda ya huta, mai zafi ɗaya da na cikin robar.

Akwai tambaya guda da zan so ka koma ka yi wa yaran da suka sayar maka: da me suka kama shi? In da hannu ne ko raga, to. In da ƙugiya ne, mai yiwuwa akwai rauni cikin baki ko maƙogwaro, kuma wannan dalili ne na daban da gyaran gida ba zai warkar ba sai da lokaci. Ka haska shi da tocila daga nesa ka duba ko bakin na rufuwa daidai, ko akwai kumburi a gefe ɗaya. Sauran alamun ciwo na gaske su ne cikin da cinyoyi su yi ja kamar jini ya kwanta, jiki ya kumbura da ruwa, ya riƙa yawo a kan ruwa a karkace ya kasa nutsewa, ido ya yi hazo, ko ƙasusuwan ƙugu su fito cinyoyi su tsotse. In ka ga ɗaya, ka kai shi wurin likitan dabbobi cikin roba mai jiƙaƙƙen tsumma. Aikinsu ya fi yawa kan shanu da tumaki da kaji, amma suna da madubin duba kashi don tsutsar ciki, wadda kusan duk kwaɗon daji ke ɗauke da ita kuma take ƙaruwa in ya shiga damuwa. Kada ka fasa kafson tupaye, maganin nan na kashe ƙwayoyin cuta, a ruwansa, kada ka shafa masa alkol ko maganin ciwon mutane. Abin da fatarka ke tarewa, tasa shanyewa take yi.

Ra'ayina, tunda ka tambaye ni: ka ba wannan gyaran sati biyu. In ya ci, ka ci gaba da kiwonka, za ka koyi abin da littafin lakwal ba zai koya maka ba. In sati biyu suka cika bai ci ba, kuma ba alamar ciwo, ka mai da shi inda aka kamo shi tun yana da ƙarfin tsalle. Wasu manyan da aka kamo daga daji ba sa taɓa yarda da tsarewa, ko me aka yi musu. Ka san hadisin matar da ta kulle kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi abincinta ba, kuma an ruwaito Annabi (SAW) ya hana kashe kwaɗo. Ka kai shi da magariba, bakin magudanar gonakin da ke da ruwa da ciyawa, ka karkata robar ya fita da kansa. Wannan ga kwaɗon ƙasarmu ne kawai. Wanda aka shigo da shi daga waje ba a sakinsa ko kusa da kogi, saboda wata cutar fata, wadda aka sa wa ƙwayarta suna a 1999, da ta hallaka kwaɗi masu yawa a Ostareliya da Amurka ta Tsakiya, kuma cinikin kwaɗi na cikin hanyoyin yaɗuwarta.

In ya zauna, ka dubi gefen maƙogwaronsa wata rana. In akwai ƴar tsaga mai duhu kowane gefe ƙarƙashin muƙamuƙi, namiji ne, kuma nan ne jakar kukansa. Da ruwa ya sauka cikin Yuni zai fara kira da dare, da murya mai kauri da ake ji daga nesa. Gara ka sanar da Baba tun kafin lokacin.